Idan Gona Ta Ƙi Tsiro, a Duba Iri: Fashin Baƙi Kan Rashin Haihuwa Daga Ɓangaren Maza

Duk wanda ya taɓa leƙa sashen likitan mata a babban asibiti ranar ganin masu neman haihuwa ya san abin da zai tarar. Benci cike da mata, kowace riƙe da katinta, wata ta zo da mahaifiyarta, wata da ƙanwar miji da aka haɗo ta da ita. Maza kuwa sai ka ƙirga su da yatsun hannu ɗaya. Idan likita ya gama tambayoyinsa ya ce, "Hajiya, wani zuwan ki taho da maigida," amsar kusan guda ce: "Likita, ya ce shi lafiyarsa ƙalau."

Kafin ta iso wannan benci, matar nan ta sha rubutu, ta sha saiwoyi, ta yi hayaƙi, an yi mata wankin mahaifa, wataƙila ma an ɗauki hoton bututun mahaifarta da ruwan nan mai zafin shiga. Ta sha habaici a gidan suna. An kira ta juya a bayan idonta, wani lokaci ma a gabanta. Ku lura da harshenmu kansa: "juya" kalma ce da ko yaro ya sani, amma namijin da ba ya haihuwa ba mu da wani suna da muke kiransa da shi a zancen yau da kullum. "Bakarare" sai a wurin tafsiri ake jin ta, idan malam ya zo ayoyi na 49 da 50 na Suratus Shura, inda Allah ya ce yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, yana ba wanda ya so maza, yana kuma sanya wanda ya so bakarare. Ayar ba ta ware mace ba. Mu ne muka ware ta.

A wurin likitoci, ana cewa ma'aurata suna da matsalar haihuwa idan suka yi wata 12 suna saduwa a kai a kai ba tare da tsarin iyali ba, ciki bai shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya a duniya yana fuskantar wannan a wani lokaci na rayuwarsa. Idan kuma aka bincika ma'auratan, a kusan rabinsu akwai hannun namiji a ciki, ko dai matsalar daga gare shi take kacokan, ko kuwa kowannensu yana da nasa kason. Rabi fa. Ke nan a cikin matan nan da ke kan benci akwai da yawa da ake yi wa maganin cutar da ba su da ita. An bar jaki ana dukan taiki.

Manomi ya fi mu hankali a nan. Idan ya yi shuka, ruwa ya sauka, gona ta ƙi tsiro, ba ya fara zagin ƙasa. Sai ya koma rumbu ya ɗebo ragowar irin ya murza a tafin hannu, ya ga ko ƙwari sun cinye cikinsa.

Tushen ruɗanin, a ganina, abu ɗaya ne: mun haɗa ƙarfin namiji a shimfiɗa da iya haihuwarsa mun mai da su abu guda. Da mutum ya ce "lafiyata ƙalau", abin da yake nufi shi ne gabansa yana tashi, yana biya wa iyalinsa buƙata, yana kuma fitar da maniyyi. Duk wannan na iya zama gaskiya, amma kuma a ce babu ƙwayar haihuwa ko ɗaya a cikin abin da yake fitarwa. Maniyyin da ido ke gani ruwa ne da wasu 'yan jakunkuna biyu da ke bayan mafitsara, da wani ƙullutu da ke ƙarƙashinta mai suna furostet, suke samarwa. Ƙwayoyin haihuwar da ke iyo a cikinsa ba su kai kashi 5 cikin 100 na ruwan ba, kuma ba a ganinsu sai da madubin likita. Shi ya sa mutumin da aka ɗaure wa bututun maniyyi don tsarin iyali ba ya ganin wani canji a abin da yake fitarwa, alhali ba zai iya yi wa mace ciki ba. Haka kuma maganar "tsinkewar maniyyi" da masu tallar magani a lasifika suke tsorata mutane da ita: kowane maniyyi lafiyayye yana fitowa da kauri, sannan ya tsinke da kansa, yawanci cikin minti 15 zuwa 30. Tsinkewar ce ma ke ba ƙwayoyin damar tafiya. Kauri ko tsinkewa a ido ba sa gaya wa kowa yawan ƙwayoyin da ke ciki.

Kafin a gane inda abu ke lalacewa, sai an san yadda ake yin sa. A cikin 'ya'yan maraina ake ƙera ƙwayoyin, miliyoyi a kowace rana, tun daga balaga. Umarnin ƙerawar daga kai yake saukowa: wani ɗan ƙullutu kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa yana sakin sinadarai biyu cikin jini, ɗaya ya sa maraina su yi testosteron, wato sinadarin mazantaka, ɗayan ya sa su ƙera ƙwayoyi. Ƙwaya ɗaya tana ɗaukar kusan kwana 74 kafin ta kammala. Daga nan sai ta shiga wani siririn bututu da ke naɗe a bayan kowane ɗan maraina, wanda in aka warware shi zai kai mita 6, ta yi kusan mako 2 tana nuna tana koyon iyo, sannan ta bi wani bututun zuwa mafita. Ke nan abin da mutum ya fitar yau aikin wata 3 da suka wuce ne. A riƙe wannan lissafin, domin za mu yi ta komawa gare shi. Abu na biyu da za a riƙe shi ne cewa aikin ba ya son zafi. Hikimar rataye maraina a waje ke nan, domin suna buƙatar su fi sauran jiki sanyi da digiri 2 zuwa 3. Duk wani dalili na rashin haihuwar namiji yana taɓa ɗaya daga cikin ukun nan ne: wurin ƙerawa, ko umarni, ko hanya.

Dalilin da aka fi samu cikin waɗanda ake iya gyarawa shi ne kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda likitoci ke kira barikosil. Jijiyoyin da ya kamata su kwashe jini daga maraina su mayar sama sai su saki, jini ya taru ya kwanta, ya ɗumama wurin. Kusan maza 15 cikin 100 suna da shi, mafi yawansu kuma suna haihuwa lafiya lau, amma a cikin mazan da suka je asibiti neman haihuwar fari, ana samun sa a wajen 35 zuwa 40 cikin 100. Galibi a ɓangaren hagu yake, saboda jijiyar hagu ta fi tsawo, kuma yadda ta haɗu da jijiyar ƙoda yana sa jini ya fi wahalar hawa. Wani yana jin nauyi ko ɗan ciwo idan ya daɗe a tsaye, ya kwanta ya ji sauƙi. Wani idan ya shafa sai ya ji kamar dunƙulen tana a saman ɗan marainan. Wani kuwa ba ya jin komai har ranar da likita zai tsayar da shi ya duba. Ɓarnarsa a hankali take ci, shekara bayan shekara, shi ya sa yake cikin manyan dalilan da ke sa mutum ya haifi ɗaya ko biyu sannan haihuwa ta tsaya cak. Ƙaramin aiki ake yi a ɗaure jijiyoyin, kuma da yawa ƙwayoyinsu kan inganta bayan 'yan watanni.

Sai maganar "sanyi", kuma a nan zan ɗan daɗe, domin kalmar ta zama buhun da muke zuba komai a ciki. Ciwon baya sanyi, saurin inzali sanyi, kasala sanyi, rashin haihuwa sanyi. Da sunan nan guda ana sayar wa mutane jarkoki na jiƙe-jiƙe. Ciwon sanyi na gaskiya kuwa ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta hanyar saduwa, mai sa fitsari da zafi da fitar farin ruwa kamar mugunya. Tana da 'yar'uwa mai suna kilamidiya wadda ta fi ta mugunta ta wani ɓangaren, don sau da yawa ba ta nuna alama ko kaɗan. Idan ɗayansu ta hau ta kai ga siririn bututun nan mai mita 6, sai wurin ya kumbura, in ya warke ya bar tabo, tabon ya toshe hanya. Maraina suna nan suna aikinsu, ƙarfin mutum yana nan, maniyyi yana fita, amma ƙwayoyin sun maƙale a baya.

Abin da ke ƙara dagula lamarin shi ne yadda ake maganinsa. Saurayi ya ji zafin fitsari, kunya ta hana shi zuwa asibiti, ya je kemis a ba shi kafso biyu uku, zafin ya lafa, ya ɗauka ya warke. Bayan shekara 10 ya yi aure, ya ma manta an yi haka. Wani kuma da aurensa ya kwaso, ya kai gida. Cutar ta shiga uwargida ta toshe mata bututun mahaifa, ta shiga amarya ta yi mata haka. Idan aka je asibiti aka ɗauki hoto, sai a ga bututun matar a toshe, dangi su ce ai ga shi nan, dama mun faɗa. Ba mai tambayar inda toshewar ta samo asali. A gidan da ke da mace fiye da ɗaya, in ba a yi wa miji da matansa duka magani a lokaci guda ba, cutar zagayawa kawai take yi daga ɗaki zuwa ɗaki.

Akwai wasu cututtukan da ba ruwansu da saduwa, kuma mu mazauna wannan yanki sun fi shafar mu. Hangum, wanda ke kumbura kumatu, a wurin yara ƙanana yakan wuce ba tare da wata ɓarna ba. Amma idan ya kama wanda ya balaga, yana iya sauka cikin maraina ga mutum har 30 cikin 100. Yawanci ɓangare ɗaya yake kamawa, ɗayan ya ci gaba da aiki, sai dai in ya haɗa duka biyun yana iya sa su ƙanƙance. Riga-kafinsa ba ta cikin alluran da ake yi wa jarirai kyauta a Najeriya, don haka har yanzu ana samun samari suna kamuwa. Tsargiya kuma, wadda yara ke ɗauka a wankan kududdufi da madatsun ruwa da fadamun noman rani, mun san ta da fitsarin jini kawai, har a wasu ƙauyuka ana ɗaukar ta alamar yaro ya fara zama namiji. Ƙwan tsutsar ba a mafitsara kaɗai yake maƙalewa ba. Yana shiga jakunkunan maniyyi da furostet, ya sa jini a maniyyi, ya kawo kumburi da tabo. Maganinta ƙwaya ce mai suna firazikwantel, wadda ake rabawa a makarantu. Tarin fuka ma yana iya barin huhu ya sauka can ya toshe hanya. Ko zazzaɓi mai zafi, irin na cizon sauro ko taifot, yana karya yawan ƙwayoyi na ɗan lokaci, sai an yi kamar wata 3 su dawo.

Wasu dalilan tun daga zanin goyo suke. Ɗa namiji a cikin ciki marainansa suna can sama kusa da ƙoda, sai dab da haihuwa suke saukowa. Kusan jarirai maza 3 cikin 100 da suka cika watanninsu ana haifar su ɗaya ko duka biyun bai sauko ba, a bakwaini kuwa abin ya fi haka yawa. Da yawa suna saukowa da kansu a watannin farko. Wanda ya wuce wata 6 bai sauko ba, aiki yake buƙata, kuma an fi so a yi kafin yaro ya kai wata 18, domin duk daɗewar da ya yi cikin ɗumin ciki lalacewa yake yi, ga kuma haɗarin ciwon daji daga baya. Wannan abu ne da uwa ko kaka mai wankan jariri za ta iya ganewa da hannunta, in dai an gaya mata ta duba. Ina ganin ya kamata ungozomomi da wanzamai masu kaciya su san wannan kamar yadda suka san sunansu, don su ne ke fara ganin yaron tsirara. Haka nan yaro ko saurayin da ciwo mai tsanani ya kama shi farat ɗaya a maraina, har da amai, kada a tsaya shafa man zafi ko jiran gari ya waye. Yana iya zama murɗewa ce ta yanke jini, kuma bayan kamar awa 6 ɗan marainan yakan fara mutuwa. Aikin ƙaba ko gwaiwa da aka yi ba a hannun ƙwararre ba shi ma yana iya taɓa bututun maniyyi.

Na halitta da gado ba su da yawa, amma suna nan. Kusan namiji 1 cikin 600 ana haifar sa da ƙarin kuromosom na X (kuromosom su ne ƙunshin bayanan gado da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki; a ka'ida namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya), yanayin da ake kira da sunan likitan Amurka Harry Klinefelter da ya bayyana shi a 1942. Irin waɗannan sukan yi tsawo, marainansu ƙanana masu tauri, gemu kaɗan, da yawansu kuma ba sa sanin halin da suke ciki sai neman haihuwa ya kai su gwaji. Wasu kuma wani ɗan yanki ne ya ɓace daga kuromosom ɗinsu na Y. (Tunda an ambaci X da Y, bari in faɗi wannan a gurguje: ƙwan mace X kaɗai yake ɗauke da shi, ƙwayar namiji ce ke zuwa da X ko Y. Mai yi wa matarsa gorin haihuwar 'ya'ya mata zalla, daga gare shi abin ya fito.) Masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, su ma sukan gamu da ƙarancin ƙwayoyi, saboda toshewar ƙananan jijiyoyin jini a maraina da kuma miƙewar gaba mai ciwo da ke ƙin kwanciya. Ciwon suga da ya daɗe ba a kula da shi ba yana kashe jijiyoyin da ke rufe bakin mafitsara lokacin inzali, sai maniyyi ya koma ciki maimakon ya fito. Alamarsa ita ce mutum ya ji ya kawo amma abin da ya fita kaɗan ne ko babu, fitsarin da ya biyo baya kuma ya fito gauraye da fari.

Yanzu ga wanda ya fi ba ni takaici, domin mutum da kuɗinsa yake sayo shi. Ana jin an ce testosteron shi ne sinadarin mazantaka, sai a ɗauka ƙara shi zai ƙara haihuwa. Akasin haka ne ke faruwa. Da ƙwaƙwalwa ta ga sinadarin ya yi yawa a jini, sai ta ɗauka maraina sun yi aiki ya isa, ta janye umarninta gaba ɗaya, har da na ƙera ƙwayoyi. Tasirin yana da ƙarfin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurar a matsayin maganin hana haihuwa na maza. A sakamakon da aka buga a 1990, kusan 2 cikin 3 na mazan da ake yi wa allurar duk mako ƙwayoyinsu sun ɗauke ƙaf cikin wata 6. Wannan allurar ce wasu ke zuwa kemis a yi musu don "ƙarin ƙarfi", danginta kuma su ne samari masu ɗaga ƙarfe ke sha don ƙirji ya buɗe. Garin neman gira ana rasa ido. In an daina, yawanci ƙwayoyin suna dawowa, amma yakan ɗauki watanni, wani har fiye da shekara, wanda ya daɗe yana yi kuma ba lallai ya koma yadda yake ba.

Tiramol da kodin su ma ta kai suke bi, su danne umarnin, testosteron ya faɗi. Abin tausayi shi ne da yawan matasa don jinkirta inzali suka fara shan tiramol. Gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma wanda ya yi shekaru yana sha kafin nan yau shi ne magidanci. Taba sigari da shisha da wiwi da giya duk suna rage yawan ƙwayoyi ko kuzarinsu. Ƙiba mai yawa tana yin ɓarna biyu: kitse yana juya testosteron ya koma sinadarin mata, cinyoyi kuma suna rufe maraina da zafi. Su kuwa magungunan maza na leda da kwalba da ake tallatawa a tasha da kasuwa, hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gano cewa ana zuba musu sinadarin Viagra a ɓoye. Ko da sun tayar da gaba, ba sa ƙara ƙwaya ko ɗaya.

Sana'a ma tana da nata. Mai tsayuwa gaban tandar burodi, maƙeri a bakin zuga, direban tirela da ke kwana yana wuni a kan kujera mai zafi daga Legas zuwa Maiduguri, duk suna gasa wurin da aka halitta don ya zauna da sanyi. Wannan ba ya nufin kowane direba zai rasa haihuwa, amma ga wanda dama ƙwayoyinsa suna kan gaɓa, zafin na iya ƙarasa su. Guba ta fi zafi tsanani. A 1977 aka gano cewa ma'aikatan wata masana'anta a Kalifoniya da ke haɗa maganin tsutsar ƙasa mai suna DBCP sun daina haihuwa, daga baya kuma aka ga irin haka ga dubban leburorin gonakin ayaba a Kosta Rika da Nikaraguwa. Ba kowane maganin feshi ne DBCP ba, amma duk wanda ya ga yadda matasanmu ke goya tankin feshi da singileti, babu safar hannu babu takunkumi, ruwan yana zuba a bayansu, ya san akwai abin tsoro. Dalma kuma an daɗe da tabbatar da cewa tana lalata ƙwayoyin maniyyi. Lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, hankali ya tafi kan yaran, kuma daidai ne. Amma iyayensu maza masu haƙar zinariya da niƙa dutsen su ma ƙurar suke shaƙa, kamar yadda masu fasa tsofaffin batura ke shaƙar ta a garuruwanmu. Maganin ciwon daji, na ruwa da na haske, shi ma yana iya kashe wurin ƙerawar, shi ya sa a inda ake da hali akan adana maniyyin mutum a daskare kafin a fara.

Duk da wannan jerin, a kusan kashi 1 cikin 3 na mazan da gwajinsu ya nuna rauni, likita zai bincika iya bincikensa bai ga dalili ba. Gaskiyar ilimin ke nan a yau, kuma wannan giɓin ne masu "sha yanzu magani yanzu" suke cika aljihunsu da shi.

Hujjar da maza suka fi kafawa ita ce, "Ai ina da 'ya'ya." Haihuwar da aka yi shekara 8 da ta wuce shaida ce ta wancan lokacin kawai. Tsakanin nan da can barikosil ya ci gaba da cinsa, ko an yi ciwon sanyi, ko suga ya shigo, ko an fara allura. Shekaru ma suna rage ingancin ƙwayoyin namiji a hankali daga wajen 40. Wata hujjar ita ce, "Na ƙara aure, amarya ta haihu, ashe ba daga ni ba ne." Ita ma ba yankakkiya ba ce. Haihuwa lissafin mutum biyu ne. Namiji mai ƙarancin ƙwayoyi idan ya haɗu da yarinya 'yar shekara 19 mai cikakkiyar lafiya, ƙarfinta na iya rufe rauninsa, alhali tare da uwargida 'yar 34 abin ya gagara. Da an duba shi tun farko, wataƙila uwargidan ma da ta samu nata.

Akwai kuma wani kuskure na ɗaya gefen da ya wajaba a toshe, don yana rusa gidaje. Mutum ya karɓi sakamako an rubuta ƙwayoyinsa sun yi kaɗan, sai shaiɗan ya raya masa: to yaran da ke gidana fa? Ƙarancin ƙwayoyi ba rashinsu ba ne, yana rage damar samun ciki ne kawai a kowane wata. Ko wanda aka samu babu ko ɗaya a yau, yana iya yiwuwa da can yana da su. Takardar gwajin maniyyi ba ta isa hujjar zargin matar aure ba, a likitance ko a shari'ance.

Gwajin kansa yana cikin mafi sauƙi da araha a duk binciken haihuwa. Babu allura, babu yanka, babu ciwo. Mutum zai ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, ya tara maniyyin gaba ɗaya a cikin 'yar robar da ɗakin gwaji ya ba shi, ba kwalbar gida ba, ba kuma kororon roba na kanti ba, don yana kashe ƙwayoyin. Idan a gida aka tara, sai a sa a aljihu kusa da jiki a kai cikin awa 1. Mai jin nauyin yadda za a fitar yana iya neman taimakon matarsa, ko ya tambayi malaminsa hukuncin larura. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana sa ran a ga aƙalla ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, ko miliyan 39 a duka abin da aka fitar, kashi 42 cikin 100 suna motsi, kashi 4 cikin 100 kuma masu cikakkiyar siffa. Mutane kan firgita da ganin wannan 4 ɗin, alhali haka abin yake, mafi yawan ƙwayoyin kowane namiji ba su da cikakkiyar siffa. Waɗannan alƙaluma kuma ba katanga ba ce tsakanin mai haihuwa da marar haihuwa. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. In ya fito da rauni akan maimaita, galibi bayan wata 3, saboda lissafin nan na kwana 74, musamman ga wanda ya tashi daga zazzaɓi.

Daga nan sai likitan mafitsara ya duba mutum a tsaye, ya auna girman maraina, in da buƙata a yi gwajin sinadaran jini da sikanin. Abin da aka gani shi ke nuna magani. Mai barikosil a ɗaure, mai ƙwayar cuta a kashe ta tare da ta matansa, wanda umarni ya yanke masa daga kai a ba shi alluran da ke maye gurbin umarnin, kuma irin wannan yana cikin masu samun sauƙi sosai. Mai toshewa wani lokaci ana iya gyara hanyar, ko a ɗebo ƙwayoyin kai tsaye daga maraina. Tun 1992, da likitoci a Burasels ta Beljiyam suka sanar da haihuwar farko ta hanyar cusa ƙwaya guda ɗaya tak cikin ƙwan mace, mazan da a da aka yanke musu ƙauna sun samu 'ya'ya na cikinsu. Ana yin wannan aiki a Najeriya, sai dai kuɗinsa miliyoyin naira ne, ba kowa ke iyawa ba, kuma ba kowane yunƙuri ke kamawa ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta halatta haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a waje a mayar cikin mahaifarta idan akwai buƙata, ta kuma haramta shigo da na wani.

Duk waɗannan hanyoyin, daga mai araha har mai tsada, nasararsu tana rataye da shekarun matar, domin ƙwan mace yana raguwa, raguwar kuma tana sauri bayan shekara 35. Matar da aka aura tana da 25, maigida ya yi shekara 12 yana cewa lafiyarsa ƙalau kafin ya yarda ya karɓi 'yar robar, ranar da za a gano matsalarsa a gyara, ita tana da 37.